Iliya A Gindin Itace: Yadda Allah Ya Ke Wartsakar Da Bawansa Da Ya Gaji

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-21, Fitowa 18:13-26, Markus 6:30-32

Ayar haddacewa: Ishaya 40:31

Manufar darasi: Mu gane irin gajiyar da ta kan kama bayin Allah a tsakiyar hidima, mu ga yadda Ubangiji ya yi da annabi Iliya sa'ad da ta kama shi, mu kuma koyi abin da ya wajaba a kanmu, ga kanmu da kuma ga 'yan'uwa.

Gabatarwa

Gajiya iri biyu ce. Akwai wadda manomi ya ke kawowa gida da maraice bayan ya yini yana huɗa. Wannan maganinta kusa ya ke: ya yi wanka, ya ci tuwo, ya kwanta, da asuba ya saɓi garmarsa ya koma gona. Akwai kuma wadda barcin dare ɗaya ba ya kawar da ita. Mutum ya kan tashi da safe sai ka ce bai kwanta ba. Aikin da dā ya ke yi da murna ya zama masa kaya, mutanen da ya ke yi wa hidima su zama masa abin gundura, har addu'a ma ta yi masa nauyi a baki.

Mun san wannan gajiya a cikin ikilisiyoyinmu. Ta kan kama mai bishara wanda ƙauyuka huɗu su ke wuyansa, ga kuma gonar da ya ke ciyar da iyalinsa da ita. Ta kan kama shugabar Zumuntar Mata wadda ba a biki ko jana'iza sai da ita, da malamin Makarantar Lahadi wanda ya shekara goma ba mai karɓarsa, da uwar da ta daɗe tana jinyar miji ko ɗa. Galibinsu ba su faɗa, gama suna tsoro kada a ce sun ja da baya cikin bangaskiya.

Masana ma sun lura da ita. A shekara ta 1974 wani masanin halayyar ɗan adam a Amurka, Herbert Freudenberger, ya yi rubutu a kanta bayan ya gan ta ga masu aikin sa kai a wani asibitin kyauta a birnin New York. Sunan da Turawa suka ba ta yana kwatanta mutum da wutar da ta cinye itacenta duka ta mutu. A shekara ta 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta a kan abin da nauyin aiki mai daɗewa ya ke haifarwa idan ba a sauƙaƙa shi ba. Ba ta lissafta ta cikin cututtuka ba, amma ta ba da alamunta uku: ƙarewar ƙarfi, da janyewar zuciya daga aikin har mutum ya riƙa raina shi, da raguwar iyawa. Dukan ukun nan za mu same su ga Iliya.

1. Mutumin da ya gaji

Iliya ya yi annabci a zamanin Ahab, wanda ya yi sarautar Isra'ila shekara 22 a Samariya, fiye da shekara 850 kafin haihuwar Ubangijinmu. Ahab ya auri Yezebel, 'yar sarkin Sidoniyawa, ita kuwa ta kafa sujadar Ba'al a ƙasar, ta karkashe annabawan Ubangiji. Bisa ga maganar Iliya sama ta rufe shekara 3 da wata 6. A cikin lokacin nan duka shi ɗan gudun hijira ne, ya zauna a rafin Kerit har ruwansa ya ƙafe, ya kuma zauna a gidan gwauruwa a Zarefat, sarki kuwa yana nemansa ƙasa ƙasa.

Sa'an nan ranar Dutsen Karmel ta zo. Shi kaɗai ya tsaya gaban annabawan Ba'al 450 tun daga safe har lokacin hadayar maraice. Ya gyara bagade da duwatsu 12, ya haƙa rami kewaye da shi, ya yi addu'a, wuta ta sauko, jama'a suka faɗi rubda ciki suka shaida Ubangiji shi ne Allah. Bayan wannan Ahab ya tafi cin abinci, Iliya kuwa ya hau kan dutse ya sunkuya yana roƙon ruwa, yana aiken baransa har sau 7. Ba a gaya mana ya sa wani abu a baki ba. Da ruwa ya taso, ya yi ɗamara ya sheƙa a gaban karusar sarki har Yezreyel, tafiyar da ta fi kilomita 20.

Saƙo guda daga Yezebel ya rushe shi. Ta rantse da allolinta cewa kafin gobe war haka za ta kashe shi. Mutumin da bai ji tsoron mutum 450 ba ya tashi ya gudu Biyer-sheba, can kudancin Yahuza, fiye da kilomita 150. Ya bar baransa a nan, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji, ya zauna a gindin wani ƙaramin itace wanda Ibraniyawa su ke kira rotem, ya roƙi Allah ya karɓi ransa.

Kada mu yi mamaki. Manzo Yakubu ya tuna mana Iliya mutum ne mai irin halittarmu (Yakubu 5:17). Musa ma ya taɓa roƙon mutuwa saboda nauyin jama'a (Littafin Ƙidaya 11:14-15). Bulus ya shaida wa Korintiyawa cewa a ƙasar Asiya wahala ta fi ƙarfinsa har ya fid da zuciya ga rayuwa (2 Korintiyawa 1:8). Waɗannan kuwa suna cikin manyan bayin Allah.

2. Abin da ya kai shi gindin itace

Na fari, jikinsa ya ƙare. Shekaru na ɓuya, da yini guda na gwagwarmaya, da gudu, da doguwar tafiya, duka sun taru a kansa. Jiki magayi. Wanda bai ci ba, bai yi barci ba, ya kan ga ƙaramin abu kamar tsauni.

Na biyu, abin da ya sa rai bai samu ba. Mai yiwuwa ya yi tsammani wutar Karmel za ta juyo da fadar sarki gaba ɗaya. Sai ga Yezebel tana nan daram, ba kuma wanda ya fito ya tsaya masa cikin jama'ar da suka yi shaida jiya. Ba abin da ya ke karya ma'aikaci kamar ya ba da iyakar ƙarfinsa, ya waiwaya ya ga kome yana nan yadda ya ke. Mu lura kuma, faɗuwar ta zo masa ne bayan nasara. Haka mu ma ya kan same mu bayan babban taro, ko bayan an gama ginin ɗakin sujada.

Na uku, ya ware kansa. Baran da ya bari a Biyer-sheba shi ne mutum na ƙarshe da zai iya ce masa sannu. Mai irin wannan gajiya ya kan guje wa mutane daidai lokacin da ya fi bukatarsu.

Na huɗu, lissafinsa ya karkace. Sau biyu ya faɗa wa Allah shi kaɗai ya rage. Alhali kuwa ba da daɗewa ba Obadiya, wakilin gidan Ahab, ya shaida masa da bakinsa cewa ya ɓoye annabawan Ubangiji 100 a kogwanni, hamsin hamsin, yana ba su abinci da ruwa (1 Sarakuna 18:13). Iliya ya ji wannan, amma gajiya ta shafe shi daga zuciyarsa. Har wa yau ya auna kansa da kakanninsa, ya yanke wa kansa hukunci cewa bai fi su ba. Wa ya ce masa sai ya fi su? Kaya ne ya ɗora wa kansa wanda Allah bai ɗora masa ba.

3. Yadda Allah ya yi da shi

Nan ne zuciyar darasinmu. Mu bi matakan bi da bi, gama jerinsu ma koyarwa ce.

Allah ya fara da jikinsa. Ya bar shi ya yi barci. Sa'an nan mala'ika ya taɓa shi ya tashe shi, sai ga waina da aka toya a kan duwatsu masu zafi, da tulun ruwa a wajen kansa. Ya ci, ya sha, ya sake kwanciya. Mala'ikan ya komo karo na biyu ya sake ba shi abinci, ya kuma faɗa masa dalili, watau tafiyar da ke gabansa ta fi ƙarfinsa. A gindin itacen nan ba a tsauta masa ba, ba a yi masa wa'azi ba, ba a ce ya yi azumi ba. Wanda ya siffata mu daga turɓaya ya san turɓaya ne mu.

Allah ya ba shi lokaci. Kwana 40 ya yi a hanya kafin ya kai Horeb, dutsen da Allah ya sadu da Musa. A cikin kwanakin nan Isra'ila ba ta ga Iliya ba, aikin Allah kuwa bai rushe ba. Gajiyar da ta taru cikin shekaru ba ta kan tafi cikin kwana biyu ba.

Allah ya saurare shi. A cikin kogo ya tambaye shi abin da ya kawo shi wurin, ko da ya ke ya riga ya sani. Iliya ya zazzage abin da ke ransa: kishin da ya yi domin Ubangiji, da alkawarin da aka karya, da bagadan da aka rushe, da annabawan da aka kashe. Allah ya bar shi ya gama, ya sake tambayarsa, shi kuwa ya maimaita maganar nan ɗaya. Addu'ar da ta ke cike da kuka addu'a ce, Zabura ma cike ta ke da irinta.

Allah ya bayyana masa kansa ta sabuwar hanya. Iska mai ƙarfi ta wuce tana farfasa duwatsu, aka yi rawar ƙasa, wuta ta biyo baya, amma Ubangiji ba ya cikin ko ɗaya. Daga baya sai aka ji murya a hankali, ita ce ta sa Iliya ya rufe fuskarsa da alkyabbarsa ya fito bakin kogo. Annabin ya saba ganin Allah cikin wuta. Ya zama dole ya koya cewa Allah yana aiki ko a ranar da ba a ga wata al'ajabi ba. Iri ya kan tsiro cikin ƙasa da dare, ba mai jin motsinsa.

Allah ya gyara lissafinsa. Ya shaida masa akwai mutum 7,000 cikin Isra'ila waɗanda ba su durƙusa wa Ba'al ba. Sai a ƙarshe wannan gyara ya zo, bayan abinci, da barci, da sauraro. Da an faɗa masa tun a gindin itace, da wuya ya ji.

Allah ya ba shi aiki daidai gwargwado, da abokin aiki. Ya umarce shi ya koma, ya keɓe Hazayel domin sarautar Suriya, da Yehu domin sarautar Isra'ila, da Elisha ɗan Shafat domin ya gaje shi. Iliya ya sami Elisha yana huɗa da shanu, garma 12, ya jefa masa alkyabbarsa, tun daga ran nan bai ƙara tafiya shi kaɗai ba. Abin lura kuwa shi ne, cikin ayyukan nan uku, guda ne Iliya ya yi da hannunsa. Elisha ne ya kai wa Hazayel magana, shi ne kuma ya aiki wani saurayi cikin annabawa ya zuba wa Yehu mai (2 Sarakuna 8 da 9). Aikin Allah ya fi ran ma'aikaci guda tsawo.

4. Shaidar sauran Littafi

Sa'ad da Yetro ya ga Musa yana zaune yana yi wa jama'a shari'a tun safe har yamma, ya gargaɗe shi cewa zai gajiyar da kansa da jama'ar duka. Ya shawarce shi ya naɗa amintattun mutane shugabannin dubu, da na ɗari, da na hamsin, da na goma. Musa, wanda ya ke magana da Allah, bai ga ya fi ƙarfin jin shawarar surukinsa ba. Manzanni ma, da rabon abinci ya yi musu yawa a Urushalima, sun sa aka zaɓi mutum 7 domin wannan hidima (Ayyukan Manzanni 6). Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya sa hutu cikin Dokoki Goma, ya haɗa har da bara, da baiwa, da baƙo, da dabba. Ya umarci Isra'ila su bar gona ta huta a shekara ta bakwai (Littafin Firistoci 25). Manoma a cikinmu sun san gonar da ake nomawa kowace shekara ba taki, ba a kuma bar ta ta zama saura ba, ƙarshenta sai wuta-wuta ta cinye dawar.

Ubangijinmu Yesu Kristi da kansa ya gaji ya zauna a bakin rijiya a Samariya, ya kuma yi barci cikin jirgi. Da almajirai suka komo daga wa'azi, mutane suna kai da kawowa har ba su sami damar cin abinci ba, shi ne ya ce su keɓe wuri ɗaya su huta kaɗan, ko da ya ke masu bukata suna nan. Ya kan bar taro ya tafi inda ba kowa domin addu'a. Shi ne kuma ya kira masu wahala da masu nauyin kaya su zo wurinsa, ya yi musu alkawarin hutawa da karkiya mai sauƙi (Matiyu 11:28-30). Wanda ya ke zaton ƙaunar Allah gare shi tana bisa yawan aikinsa ba zai taɓa iya ajiye kaya ba. Amma cetonmu an riga an gama shi a kan gicciye, hidimarmu kuwa godiya ce ta 'ya'ya.

5. Abin da ya wajaba a kanmu

Ga wanda ya gaji, mu fara inda Allah ya fara. Mu ci abinci a kan lokaci, mu yi barci, gama likitoci suna cewa babban mutum yana bukatar barcin awa 7 ko fiye. Mu keɓe yini guda cikin bakwai, mu ajiye wayar hannu da dare. Mu zauna mu lissafta ayyukan da ke hannunmu, mu rarrabe wanda Allah ya ba mu da wanda muka ɗauka domin kunya ko domin yabo. Mu nemi ɗan'uwa amintacce guda mu gaya masa gaskiyar halinmu. Idan doguwar addu'a ta gagara, mu yi gajeruwa, mu karanta Zabura ɗaya, kada dai mu yanke. Kada kuma mu yanke babbar shawara, kamar ta barin aiki ko barin ikilisiya, muna gindin itace. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga ikilisiya, mu binciki kanmu. Sau da yawa mu ne mu ke gajiyar da masu himma, gama mun saba ɗora kaya a kan wanda ba ya cewa a'a. Lahadi ranar aiki ce ga fasto da mai bishara, saboda haka dattawa su yanka musu wata rana cikin mako, su kuma tsare ta. A biya ma'aikaci hakkinsa a kan kari. Kowane mai riƙe da hidima a ba shi mataimaki wanda ya ke koyo, a kuma riƙa sauya masu muƙami kafin su faɗi. In wani ya daina zuwa sujada, kafin a kira shi gaban dattawa a fara kai masa ziyara, da ƙwaryar abinci in da hali, a zauna a ji daga bakinsa. Ta haka ne mu ke ɗaukar nawayar juna (Galatiyawa 6:2).

Akwai gargaɗi guda wanda ba shi da kyau a tsallake. Wani lokaci gajiya mai daɗewa alama ce ta ciwo a jiki, kamar ƙarancin jini, ko ciwon sukari, ko zazzaɓin da bai warke sarai ba. Wani lokaci kuma ciwon damuwa ne, musamman idan baƙin ciki da rashin sha'awar kome sun kai mako 2 ko fiye ba sauƙi. Waɗannan suna da magani, zuwa asibiti kuwa ba rashin bangaskiya ba ne, Luka ma likita ne. Idan wani ya ce mana ya gaji da rai, ko yana tunanin kashe kansa, kada mu tsauta masa, kada mu mai da maganar wasa, kada kuma mu bar shi shi kaɗai. Mu yi addu'a tare da shi, mu raka shi wurin likita a ranar.

Kammalawa

Allah bai amsa roƙon da Iliya ya yi a gindin itace ba. Annabin ya koma, ya sake tsayawa gaban Ahab a gonar inabin Nabot, a Yezreyel ɗin nan da ya guje wa, ya faɗi maganar Ubangiji ba tsoro. Ya goyi Elisha har ya isa ɗaukar aikin. Mutumin da ya roƙi mutuwa bai ɗanɗana ta ba, an ɗauke shi zuwa sama cikin guguwa. Bayan ƙarnuka da yawa almajirai uku suka gan shi a kan dutse tare da Musa, suna zance da Yesu cikin ɗaukaka. Mutum biyun nan da suka taɓa cewa sun gaji da rai, su ne aka ba wannan girma. Saboda haka, 'yan'uwa, wanda ya ke zaune yau a gindin itacensa kada ya ce labarinsa ya ƙare. Allahn da ba ya suma, ba ya gajiya, yana sabunta ƙarfin masu sauraronsa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa saƙon Yezebel ya karya Iliya bayan abin da ya gani a Karmel?
2. Don me Allah ya fara da abinci da barci kafin ya yi masa magana?
3. Iliya ya san labarin annabawa 100, duk da haka ya ce shi kaɗai ya rage. Wane alheri ne gajiya ta ke sa mu manta da shi?
4. Yaya za mu bambanta hutawa ta gari da ragwanci?
5. Su wane ne a ƙungiyarmu kaya ya yi wa yawa? Wane aiki za mu karɓa daga hannunsu?

Aikin mako

Kowa ya ziyarci mutum guda mai hidima a ikilisiya, ya gode masa, ya tambayi lafiyarsa, ya ɗauke masa aiki guda kafin Lahadi mai zuwa.

Addu'a

Ya Ubangiji Allahnmu, kai ne ka ciyar da bawanka Iliya a jeji, ka kuma yi masa magana a hankali. Ka dubi waɗanda suka gaji a cikinmu, ka ba jikunansu hutawa, ka mayar musu da murnar cetonka. Ka gafarta mana inda muka ɗora wa 'yan'uwa kayan da ya fi ƙarfinsu. Ka koya mana mu ɗauki karkiyar Ɗanka, mu yi aiki tare, mu huta cikin alherinka. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.